Sunan Amina a Waƙa da Ƙagaggen Labari da Wasan Kwaikwayo

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin adabin Hausa sun daɗe suna duba jigo da salo da zubi da tsari, amma ba kasafai suke tsayawa a kan sunan da marubuci ya raɗa wa tauraro ko tauraruwar labarinsa ba. Alhali kuwa suna shi ne abu na farko da mai karatu yake cin karo da shi, kuma sau da yawa yakan yanke hukunci a kan halin mutum tun kafin mutumin ya buɗe baki. A cikin wannan takarda za mu ɗauki suna guda ɗaya, wato Amina, mu bi sawunsa a waƙoƙin bege, da littattafan tarihi, da ƙagaggun labarai guda biyu, sa'an nan da fim da wasannin kwamfuta na wannan zamani.

Abin da muke son nunawa shi ne, sunan Amina ya iso ga marubucin yau ɗauke da gado iri biyu: gadon uwa, daga Aminatu mahaifiyar Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi), da gadon yaƙi, daga Amina ta Zazzau. Saboda nauyin wannan gado, marubuci yana iya jingina da sunan, ya bar shi ya yi masa aikin da ya kamata shi da kansa ya yi, wato aikin gina mutum. Ma'aunin da za mu auna kowane aiki da shi ke nan: shin an ba mu mace mai rai da tunani, ko kuwa suna kawai aka miƙa mana?

2.0 Asalin Sunan

A Larabci sunaye biyu ne daban. Akwai wanda ake jan wasalinsa na farko, shi ne sunan mahaifiyar Annabi, ma'anarsa wadda take cikin aminci, ba ta tsoron kome. Akwai kuma wanda ake jan wasalinsa na tsakiya, shi ne tamatar Aminu, wato amintacciya, mai riƙon amana. Tushensu ɗaya ne, daga nan ne kuma kalmomin aminci da amana da imani suka shigo Hausa. To, amma Bahaushe ya haɗe su wuri guda. A baka yana jan wasalin tsakiya ko da mahaifiyar Annabi yake nufi, a rubutun boko kuwa ba ma nuna tsawon wasali, saboda haka babu abin da ya raba su a takarda.

Wannan haɗewa tana da amfani ga nazarinmu. Uban da ya raɗa wa 'yarsa Amina yana neman albarkar mai sunan ta farko, amma abin da kunnen Bahaushe yake ji a cikin kalmar shi ne amana da yarda. Ashe tun kafin a kai ga labarin Zazzau, sunan ya riga ya zama alamar mace mai natsuwa wadda ake iya dogara da ita.

3.0 Amina a Waƙoƙin Bege

Abin da littattafan sira suka kawo game da Aminatu 'yar Wahbu ba shi da yawa. Baƙuraisha ce daga gidan Banu Zuhra. Mijinta Abdullahi ya rasu tana da ciki. Ta haihu a Makka a Shekarar Giwa, wajen 570, kuma an ruwaito cewa ta ga haske ya fita daga gare ta har ya haskaka benayen Busra a ƙasar Sham. Ta ba da jaririn reno ga Halimatu Sa'adiyya. Ta rasu a Abwa'i, tsakanin Makka da Madina, a kan hanyarta ta komowa daga Madina, yaron yana da shekara 6.

A waƙoƙin begen Annabi na Hausa, rubutattu da na baka, wannan suna yana daga cikin waɗanda aka fi ji. Sai dai in mun lura, ba shi kaɗai yake zuwa ba. Yakan zo ne a cikin laƙabin nan "Ɗan Amina". Muna ganin dalilai uku ne suka kawo haka. Na farko ladabi. Bahaushe ba ya son kama sunan babba gatsau, don haka mawaƙi yakan kewaya ta wajen uwa ko uba ko 'ya, ya ce ɗan wance ko baban wance, kamar yadda ake yi a zaman gida. Na biyu kari. Idan sunan ya faɗo a ƙarshen layi, gaɓoɓinsa uku, ɗaya sassauƙa biyu masu nauyi, sun yi daidai da ƙafar nan ta fa'ulun, don haka yana shiga awo ba tare da an matsa masa ba. Na uku amsa-amo. Amina da Madina suna amsa wa juna sarai, kuma a tsakanin kalmomin biyu akwai mafarin rayuwar wanda ake bege da makwancinsa. Mawaƙin da ya jera su ya taƙaita sira a baiti ɗaya.

Saboda haka a waƙar bege Amina hanya ce ta isa ga ɗanta. Ba mu ɗauki wannan aibu ba, domin manufar madahu ke nan, kuma masu yinsa sun cim ma abin da suka nufa. Abin lura kawai shi ne irin hoton da ya zauna a zukatan masu sauraro: uwa mai albarka, mai haƙuri da maraicin miji, wadda darajarta ta bayyana ta wajen abin da ta haifa. Wannan shi ne gado na farko.

4.0 Amina ta Zazzau a Rubutun Tarihi

Gado na biyu kishiyar na farko ne. Tsofaffin rubuce-rubucen da suka ambaci Amina ta Zazzau guda biyu ne fitattu. Na farko Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda ya rubuta a 1812. A ciki ya nuna ita 'yar Sarkin Zazzau ce, ta yaƙi ƙasashen Hausa har Katsina da Kano suka riƙa kai mata haraji, ta kutsa ƙasashen kudu, ta rasu a wani wuri da ake kira Atagara. Na biyu Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa ta Turanci a 1908. Shi ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato 1421 zuwa 1438 bisa lissafin Palmer. Ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, kuma yaƙe-yaƙenta sun ɗauki shekara 34.

A nan matsaloli suke. Labarin baka na Zazzau ya ce ita 'yar Bakwa Turunku ce, jerin sarakunan Zazzau kuwa ya sa Bakwa a wajen 1536, wato shekara ɗari bayan zamanin Dauda. Shi wannan jeri bai kawo sunan Amina a cikin waɗanda suka hau gadon sarauta ba. Ko Bakwa ma, waɗansu sun ce mace ce, waɗansu sun ce namiji. Saboda haka masana tarihi sun rabu, waɗansu suna sa ta a ƙarni na 15, waɗansu a ƙarni na 16. Ko wanne aka ɗauka, tsakaninta da rubutun Muhammadu Bello akwai aƙalla shekara 200.

Ga mai nazarin adabi, abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da waɗannan littattafai suka ƙunsa da abin da suka bari. Sun ba mu sunayen ƙasashe, da haraji, da goro, da adadin shekaru. Ba su kawo ko kalma ɗaya daga bakinta ba, ba su siffanta kamanninta ba, ba su faɗi dalilin da ya fitar da ita yaƙi ba. Adabin baka ne ya cike wannan gurbi. Shi ya danganta mata tsofaffin ganuwoyi har ake kiransu ganuwar Amina. Shi ne kuma ya kawo labarin cewa ta ƙi aure, wai a kowane gari ta ci da yaƙi takan ɗauki namiji ɗaya su kwana, da safe a kashe shi don kada ya ba da labari. Wannan zance ba ya cikin Infaƙul Maisuri, ba ya cikin Tarihin Kano. A ganinmu ya fi ba da labarin masu faɗarsa bisa ga labarin ita Amina. Al'ummar da ta saba ganin mulki a hannun maza, in ta gamu da mace mai mulki, sai ta nemi hanyar fitar da ita daga sahun mata, ta raba ta da miji da ɗa. Ashe ke nan suna ɗaya ya ɗauki uwa wadda aka sani da ɗanta, da sarauniya wadda aka sani da rashin ɗa.

Bayan samun mulkin kai hukuma ta ɗauki wannan Amina ta biyu ta mai da ita alama ta ƙasa. An buga hotonta a kan sarki a 1975, Shekarar Mata ta Duniya. An kafa mutum-mutuminta bisa doki a Babban Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa a Legas. An sa sunanta ga kwalejin 'yan mata a Kaduna, da ɗakunan kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Legas. Tun daga nan duk marubucin Nijeriya da ya kira tauraruwarsa Amina ya san abin da mai karatu zai tuna.

5.0 Amina a Ƙagaggun Labarai

5.1 Aminar Najib Mahfuz

Za mu fara da Masar, domin a can ne aka gwada gado na farko a ƙagaggen labari gwaji mafi zurfi da muka sani. Najib Mahfuz, wanda ya sami lambar Nobel a 1988, ya fitar da littattafansa uku a kan wani gida na birnin Alƙahira a 1956 da 1957: Bainal Ƙasraini, da Ƙasrush Shauƙi, da Sukkariyya. Labarin ya kama daga 1917 zuwa 1944. Uwar gidan sunanta Amina, a rubutun Larabci kuwa mai ma'anar amintacciya.

Da ita aka buɗe littafi na farko. Takan farka tsakar dare ta jira mijinta, Sayyid Ahmad Abdul Jawad, ya komo daga wajen shagalinsa, ta haska masa matakala da fitila, ta taimake shi tuɓe tufafi. Tun tana yarinya aka kawo ta gidan, kuma ba ta fita sai ziyarar uwarta, shi ma tare da miji. Wata rana da ya yi tafiya zuwa Fot Sa'id, 'ya'yanta suka ƙarfafa ta ta ziyarci masallacin Husaini, wanda ta shekara da shekaru tana hangen hasumiyarsa daga soro. A kan hanyar komowa mota ta buge ta, ta karye a kafaɗa. Mijin ya jira sai da ta warke, sa'an nan ya kore ta gidan uwarta, daga baya ya mai da ita.

Da Mahfuz ya tsaya ga ma'anar sunan, da mun sami hoton mace ta gari kurum. Amma ya shigar da mu cikin zuciyarta: tsoron aljannu da take ji a babban gida in dare ya yi, da daɗin da take samu a soro wajen kajinta da furanninta, da yadda take ɓoye wa miji laifin yara, da yadda take lallashin kanta game da abin da take ji ana faɗa a kansa. Bayan an harbe ɗanta Fahmi a zanga-zangar 1919, sai muka ga baƙin ciki ya sāke ta, ƙofar da aka kulle mata kuma ta buɗe a lokacin da fitar ba ta da sauran daɗi. Mai karatu yakan tambayi kansa, amanar nan halinta ce ko kuwa sarƙa ce aka ɗaura mata? Marubucin bai amsa ba. A nan suna ya zama tambaya, shi ya sa wannan Amina ta rayu.

5.2 Aminar Mohammed Umar

Littafin Mohammed Umar mai suna Amina ya fito da Turanci a 2005, kuma an fassara shi cikin harsuna da dama. Labarin yana faruwa a wani ƙagaggen gari na arewacin Nijeriya mai suna Bakaro. Tauraruwar matar wani attajiri ce ɗan siyasa, tana cikin daula, har cuɗanya da ƙawaye masu ilmin zamani ta buɗe mata ido ga halin da matan talakawa suke ciki. Ta shiga aikin haɗa kan mata, abin da ya kai ta ga karo da masu mulki.

Abin sha'awa a tsarin wannan littafi shi ne, tafiyar tauraruwar daga gado na farko take zuwa na biyu. Ta fara a matsayin matar gida, ta ƙare a matsayin jagora, kuma mai karatu ɗan Nijeriya ba ya bukatar a tuna masa da Zazzau. Wannan dabara ce mai kyau. Inda muke ganin rauni shi ne, sau da yawa muhawara takan rinjayi labari. Mutane sukan yi dogayen jawabai a kan talauci da mulki da matsayin mata, har a ji muryar marubuci ta danne tasu. Sakamakon haka sauyin da ya sami Amina yakan zo mana ta hanyar hujja fiye da ta hanyar abin da ya taɓa zuciyarta. Mun yarda da ita domin sunanta ya riga ya yi mana alkawarin za ta tashi tsaye. Wato a waɗansu wurare sunan ne yake ɗauke da ita.

6.0 Amina a Dandali da Fim da Wasannin Kwamfuta

Wale Ogunyemi ya wallafa wasan kwaikwayo da Turanci a kan Sarauniya Amina a 1999. A 2021 kuma fim ɗin Izu Ojukwu mai suna Amina ya fito a Netflix, Lucy Ameh ta fito a matsayin Amina, Ali Nuhu yana cikin manyan 'yan wasa. A wannan shekara ce wasan kwamfuta na Age of Empires III ya ƙara Hausawa cikin al'ummomin da ake wasa da su, da Amina a matsayin shugabarsu. A 2025 wasan Civilization VII ya sa ta cikin shugabannin duniya da mai wasa zai zaɓa.

Ba ma musun amfanin wannan. Yaro a wata nahiya wanda bai taɓa jin sunan Zazzau ba yanzu ya ji. Fim ɗin ma an kashe masa ƙoƙari wajen dawaki da tufafi da fagen fama. Amma in mun ɗora shi a kan ma'auninmu, sai mu ga gurbin da tarihi ya bari an cike shi da kayan aro. Zubin labarin shi ne wanda aka saba gani a finafinan jarumai na ko'ina: yarinya mai ƙin aikin mata, mai son takobi, sai makirci a fada, sai soyayya, sai ɗaukar fansa. In an cire sunayen mutane da na garuruwa, ana iya kai labarin wata ƙasa ba tare da ya yi asarar kome ba. Daɗin daɗawa da Turanci aka yi shi, don haka kirari da take da zambo da habaici, waɗanda su ne harshen fadar Bahaushe, ba su sami wurin da ya dace da su ba.

Abin mamaki, abin da tsofaffin littattafai suka fi nanatawa shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Tarihin Kano ya danganta zamaninta da shigowar goro da kayan fataucin yamma ƙasar Hausa. Wannan yana nuna mai mulki wadda ta san hanyoyin ciniki, ta san abin da ganuwa take tsarewa, ta san yadda ake sa gari ya biya haraji shekara da shekaru. Akwai wasan kwaikwayo mai ƙarfi a cikin wannan: yadda mace za ta zauna da Galadima da Madawaki, yadda za ta yi da fatake da malamai, abin da za ta ce wa uwar da ɗanta bai komo daga Nupe ba. Masu wasan Civilization VII sun ɗan hango wannan da suka haɗa mata siffar yaƙi da ta tattalin arziki, sai dai wasan kwamfuta ba wurin gina hali ba ne.

7.0 Kammalawa

Mun ga sunan Amina a wurare huɗu. A waƙar bege yana nuni zuwa ga ɗa. A littattafan tarihi yana tsaye a kan jerin ƙasashe da haraji. A fim da wasanni ya zama tambarin jarumtaka. A ƙagaggen labari ne kaɗai aka yi ƙoƙarin sa mutum a cikinsa, kuma wanda ya fi cin nasara, wato Mahfuz, ya ci ne domin ya tuhumi ma'anar sunan maimakon ya dogara da ita.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye a nan. Ayyukan da suka fi yaɗa labarin Amina ta Zazzau a duniya ba da Hausa aka yi su ba, kuma daga gare su ne 'ya'yanmu suke ɗaukar kamanninta. Idan muka yi shiru, nan gaba kaɗan ɗalibar da take kwana a ɗakin da aka sa wa sunanta a Samaru za ta san Aminar fim fiye da ta Infaƙul Maisuri. Saboda haka muna ba da shawara biyu. Ta farko, sassan koyar da Hausa na jami'o'inmu su tattara abin da ya rage a bakin mutanen Turunku da Zariya da Suleja game da ita, da kirarinta da labarun ganuwoyi, a rubuta kowanne da sunan garin da aka samo shi, a kuma bambanta shi da abin da ke cikin tsofaffin littattafai. Ta biyu, marubutan wasan kwaikwayo da masu shirya finafinan Hausa su ɗauki wannan labari su yi shi da harshen da ita kanta ta yi mulki da shi. Wanda zai yi wannan aiki ya tuna cewa sunan ba zai ishe shi ba. Sai ya ba ta abin da take tsoro, da abin da take so, da maganar da za ta faɗa in an rufe ƙofar fada.

Muna fata mahalarta wannan taro za su gwada irin wannan nazari a kan waɗansu sunayen, kamar Zainabu ta Jiki Magayi da Halima ta Uwar Gulma, domin a ga ko abin da muka lura da shi a nan ya tsaya ga Amina ne, ko kuwa hali ne na adabinmu baki ɗaya.